Launi kan launi: ta yaya zane marar sura yake nuna lokaci da nisa?

Tambaya daga wata ɗaliba a unguwar Rafindadi, Katsina: Malam, barka da aiki. Ina koyon zane da fenti, kuma na fi son irin wanda ba ya kwaikwayon mutum ko dabba ko gida, launi ne kawai da layi. Ina jin ana cewa idan aka yi ta ɗora launi kan launi, zanen yakan nuna shuɗewar lokaci da zurfin wuri. Ni dai nawa, da na ɗora uku ko huɗu sai ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ba lokacin ba zurfin. Burina in yi aiki a kan tsohuwar ganuwa da Hasumiyar Gobarau ba tare da na zana su ba. Shin maganar gaskiya ce, ko zaƙin bakin masu sayar da zane ne? A ina nake kuskure?

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Maganar gaskiya ce, ko da yake masu rubuta takardun baje koli sun yi mata kwalliya har ta fi ƙarfinta. Sharaɗi ɗaya gare ta: mai kallo ya iya gane wane launi ne ya riga wane. In ya tsaya gaban zanenki ya ce ja ne aka fara sawa, sannan fari ya rufe shi, daga baya aka kankare farin har jan ya sake leƙowa, to ya karanta lokaci ke nan, ko bai san ya karanta ba. In kuwa launukan sun narke cikin juna har ba a san na farko da na ƙarshe ba, ko hawa ashirin kika ɗora, hawa ɗaya ido zai gani. Abin da ke faruwa da naki ke nan. Ba yawan shimfiɗa ba ne ya gaza miki, shaidarsu ce take ɓacewa.

Ɗauki allon almajirin da ya daɗe a hannu ki duba shi a hasken rana. An rubuta, an wanke, an sake rubutawa sau ba adadi, amma ruwa bai taɓa tafiya da tawadar duka ba. Ƙarƙashin karatun yau akwai inuwar na jiya, ƙarƙashinta akwai wata da ta fi dusashewa, gefen allon kuma, inda hannu ba ya gogawa sosai, ya fi tsakiya duhu. Ba wanda zai gaya miki allon ya tsufa, ke ce za ki gani. Ki lura kuma cewa rabin abin da ya ba shi wannan kama wanki ne, ba rubutu ba. Ɗalibai da yawa suna jin hawa-hawa sai su ɗauka ƙari ne kawai ake yi. Ragewa ma aiki ce, kuma sau tari ita ce ta fi nuna lokaci.

Dalilin komawarsa ruwan ƙasa mai sauƙi ne. Kowane launin fenti yana shanye wani sashe na haske ya dawo da saura. Idan kika cuɗa ja da kore suna ɗanye, ko shuɗi da ruwan lemo, abin da wannan ya bari wancan zai shanye, sai a rasa mai dawowa ido in ban da toka-toka mai duhu. Buroshinki ne ke yin wannan cuɗin, domin kina ɗora na biyu tun na farko bai bushe ba. Ki taɓa da bayan yatsa: in kin ji sanyi ko ɗanƙo, bai yi ba. Dalili na biyu, ina kyautata zaton kina rufe fuskar kyallen gaba ɗaya a kowane hawa, kusurwa zuwa kusurwa, kuma da kauri iri ɗaya. Kada ki yi haka. Kowace shimfiɗa ta bar wa ta ƙasanta taga, ko da tsaga ce mai faɗin farce.

Sannan ki san halin fentinki. Akwai mai rufewa ruf, kamar farin titaniyom da yawancin ja da rawaya na kadmiyom. Akwai wanda haske ke ratsawa, kamar shuɗin altramarin da shuɗi ko koren ftalo. Kamfanoni da yawa suna sa ɗan murabba'i a jikin bututun: in cike yake da baƙi, mai rufewa ne, in fanko ne, mai ratsuwa ne. In babu alamar, ja baƙin layi a takarda, ki bari ya bushe, ki shafa kowane launi a kansa ki ga wanda ya ɓoye shi. Idan kika tsinka mai ratsuwa kika shimfiɗa shi siriri a kan busasshen launi mai haske, hasken yakan shiga ta cikinsa, ya bugi na ƙasa, ya dawo. Shi ya sa koren da aka samu ta hanyar ɗora shuɗi siriri a kan busasshen rawaya ya fi wanda aka dama a faranti rai nesa ba kusa ba. Na faranti launi ɗaya ne. Wancan kuwa biyu ne ido ke gani a lokaci guda, ɗaya a bayan ɗaya, kuma daga nan zurfi yake farawa. Akasin haka ma yana aiki: ki ɗebi fari ko wani mai haske da busasshen buroshi mai tauri, ki ja shi sama-sama a kan duhu yadda zai kama tudu ya tsallake kwari. Wannan shi ke ba da kamannin ƙura ko hazo.

Batun nisa ba sai kin je ko'ina ba, hunturu zai koyar da ke. Tsaya a Ƙofar Soro da safe a watan Janairu ki dubi abin da ke kusa da abin da ke can nesa. Na kusa gefensa kaifi gare shi, duhunsa duhu ne, haskensa haske ne. Na nesa gefensa ya narke, launinsa ya koɗe ya kusanci launin sama. Ido ya saba da wannan tun muna yara, don haka ko a kyallen da babu gida babu itace, tabo mai kaifin gefe zai matso gaba, mai dusasshen gefe ya ja baya. Haka nan abin da ya rufe wani, ido zai ce shi ne a gaba. Ja da rawaya sukan yi kamar suna tahowa, shuɗi kamar yana komawa, ko da yake wannan ba doka ba ce, shuɗi mai ƙarfi zai iya tsallake ja marar ƙarfi. Hans Hofmann, Bajamushen da ya shafe shekaru yana koyarwa a Amurka, a kan wannan turawa da jan ya gina darasinsa. Daɗin abin a zane marar sura shi ne kina da ikon saɓa alamomin da gangan: ki sa launin da aka ɗora ƙarshe ya yi kamar shi ne mafi nisa. Sai ido ya rasa inda zai zauna, ya yi ta shiga yana fita. Wannan kai da kawowar tana cin mintoci, kuma shi ne lokaci na biyu da ke cikin zane, na mai kallo, ban da na mai aiki.

Ga mutane kaɗan da ya kamata ki nemi ayyukansu a intanet, ki buɗe hoton sosai har ki ga sawun hannu. Gerhard Richter, wanda aka haifa a Dresden ta Jamus a 1932, ya shafe shekaru yana shafa fenti mai kauri a jikin wani dogon allo na roba mai tauri, yana jan sa a kan kyallen daga gefe zuwa gefe. Jan guda yana ɗora sabo yana kuma yage tsoho, sai launukan da aka binne su fito ta wuraren da suka yage. Ba ya iya sanin ainihin abin da zai fito, amma shi ke yanke shawarar ko ya tsaya ko ya sake ja. Julie Mehretu, haifaffiyar Addis Ababa a 1970, hanyarta ta fi kusa da abin da kike nema. A shekarun baya takan fara da zanen gine-gine da taswirar birane da siraran layuka, ta rufe su da ruwan akirilik (fentin roba da ake tsinkawa da ruwa) mai ratsuwa, a goge shi ya yi sumul, sannan ta bi kai da tawada da launi. A 2012 ta yi wasu manyan zanuka huɗu inda ta jibge gine-ginen dandalin Tahrir na Alƙahira da na wasu dandalai na duniya a kan juna, har ba a iya raba wannan gari da wancan. Wuri da yawa a fuska ɗaya, kuma kowane a nasa zurfin.

Wani lokaci ma ba mai zanen ne ke tona abin da ke ƙasa ba, shekaru ne. Baƙin murabba'in da Kazimir Malevich ya zana a Rasha a 1915 ya tsattsage, ana hango launuka ta cikin tsagar, kuma a 2015 masu bincike na gidan adana zane na Tretyakov da ke Mosko suka bayyana cewa akwai wasu zanuka biyu a ƙarƙashinsa. Fentin mai kuma yana ƙara ratsuwa in ya tsufa, shi ya sa a tsofaffin zanukan Turai ake ganin hannu ko ƙafar doki da mai zanen ya rufe ta sake bayyana. Wato zanenki zai ci gaba da sauyawa bayan kin ajiye buroshi, sai dai ki zaɓi ko sauyin zai zama ado ko ɓarna.

Kada kuma ki ɗauka sai an tsallaka teku. A Zariya, tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna cewa a ɗauki dabarar waje a haɗa da gadon gida. Daga baya marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar a can har rasuwarsa a 1995, ya shahara da tsinka fenti ya kwarara shi a kan kyalle, ya bar ruwan ya nemi hanyarsa sannan ya bi shi da gyara. Ibrahim El-Salahi na Sudan kuma daga rubutun Larabci ya taso, ya yi ta warware harafi har ya zama sura mai zaman kanta. Ke da kika tashi kina ganin zayyanar allon sauka da dagi a goshin soro da aikin wuyan babbar riga, ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Idonki ya riga ya san layi da launi suna iya tsayuwa da kansu. Ga wanda ke da damuwa ta fuskar addini kuwa, sananne ne cewa Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ƙarin bayani na malamai ne, ba nawa ba.

Yanzu ga ganuwa da Gobarau. A ganina kin zaɓi abin da ya dace da wannan salo fiye da kowane, domin ginin ƙasa ba a gama shi sau ɗaya. Masana tarihi da yawa suna danganta hasumiyar da zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, amma fatar da kike gani a jikinta ba ta wancan zamani ba ce. Damina takan ci, magina su sake yaɓe, wata daminar ta sake ci. Je ki inda ragowar ganuwa ta zube, ko wani tsohon soro a cikin gari, ki tsuguna ki dubi karayar daga kusa. Za ki ga tubali a ciki, ga yaɓe na farko da guntayen ciyawa a jikinsa, ga wani mai duhu inda aka sa makuba, ga farar ƙasa, wani wurin har siminti da fentin zamani da lambar da ma'aikatan rigakafi suka rubuta da alli. Ki kula da hanyar da ruwa ya bi ya sauko, da sawun yatsun magini da suka bushe a cikin yaɓen. Ki rubuta jerin a littafinki yadda kika gan shi, daga ciki zuwa waje. Wannan jerin shi ne tsarin zanenki, ba siffar hasumiyar ba. In kika zana dogon abu mai tsini a tsakiyar kyalle kika watsa masa launi, hoton Gobarau kika yi wanda bai yi kama ba, kuma kowa zai gane hakan.

Ga yadda zan so ki gwada. Nemi filawud maimakon kyalle, domin za ki kankare, kyalle kuwa yakan lotsa ko ya yage. Ki shafe shi gaba da baya da gefe, saboda kada ya lanƙwashe. Ɗalibai da yawa suna haɗa farin fentin imolshan da farin gam na kafinta su yi shimfiɗar fari, kuma don koyo ya wadatar, amma aikin da za ki sayar ki nemi jeso na gaske, wato farin shafen da ake yi musamman don shimfiɗar fari. Ki fara da launin da ya fi kowane zafi, wanda kike ganin ya yi yawa, domin shi za a binne, kaɗan ne zai fito. A kansa ki ɗora mai kauri, ki ja shi da yatsu ko tsinken tsintsiya tun yana ɗanye. Ya bushe. Sannan siriri mai ratsuwa, ki jingina katakon ki bar shi ya gangaro da kansa. Ya bushe. Sannan mai rufewa a kan kashi biyu cikin uku. Daga nan sai ki ɗauko sanfefa da wuƙar fenti ki fara tono, wani wuri ki tsaya a hawa na uku, wani wuri ki kai har na farko. Ki jiƙa sanfefar kafin ki goga, ki kuma rufe hanci, ƙurar kadmiyom guba ce. Ki riƙa aiki a kan katako uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Ba don yawa ba, don in hannunki yana ƙaiƙayi ki sami inda za ki kai shi ki ƙyale wanda bai bushe ba.

Ƙasar ma kanta za ta iya shiga zanen, kuma wannan ya fi sayen ruwan ƙasa na bututu ma'ana. Amma kada ki ɓanɓari jikin hasumiya ko ganuwa, kayan tarihi ne, abin da ya rage ma bai da yawa. Ɗebo jar ƙasa daga kududdufi ko inda ake haƙar ƙasar gini. Ki zuba a bokiti, ki cika da ruwa, ki dama sosai, ki ɗan dakata yashi da tsakuwa su kwanta. Tsiyaye jan ruwan da ke sama a wani mazubi ki bar shi ya kwana. Da safe za ki tarar ruwan ya washe, laka mai laushi ta kwanta a ƙasa. Zubar da ruwan a hankali, ki shanya lakar, ki niƙa ta, ki tankaɗe da ƙyalle. Wannan garin launi ne na gaske, irin wanda ɗan Adam ya fi daɗewa yana amfani da shi, kuma rana ba ta cin sa. Abin da za ki kwaɓa shi da shi ne abin lura. In kin sa ƙaro, kin sami fentin ruwa, amma ƙaro yana sake narkewa da zarar ruwa ya taɓa shi, don haka shimfiɗa ta gaba za ta ɗago shi ki koma gidan jiya. Ki kwaɓa da ruwan akirilik marar launi, shi in ya bushe ya bushe ke nan. Makuba tana ba da ruwan ƙasa mai kyau, sai dai takan huda farin da aka ɗora mata ta fito rawaya-rawaya. Wani zai ce aibi ne. Ni a aikin ganuwa ina son haka, domin tsohon abu ne yake ƙin a rufe shi, amma ki gwada a guntun katako tukuna.

Ruwan zoɓo da lalle da kurkur kuwa ki bar su a kicin da hannun amare. Suna da kyau ranar farko, haske na cinye su. Ko manya sun sha wannan: zanukan da Mark Rothko ya yi wa Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1960 sun koɗe saboda wani jan launi da ba ya jure haske, har aka sauke su a 1979.

Ban san ko da akirilik kike aiki ko da fentin mai ba, kuma dokarsu ta bambanta. Akirilik ruwa ne ke fita daga cikinsa, a hunturun Katsina siririyar shimfiɗa takan bushe kafin ki wanke buroshi, don haka ki ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa, ki kuma san cewa yakan ƙara duhu kaɗan in ya bushe. Ga mai son hawa da yawa shi ya fi sauƙi. Fentin mai ba bushewa yake irin ta ruwa ba, iska yake sha ya daskare sannu a hankali, kwanaki kafin ya taɓu, watanni kafin ya daskare har ciki. Dokarsa ita ce na ƙasa ya zama siriri marar mai sosai, na sama ya fi shi mai. In kika juya, na sama zai riga na ƙasa daskarewa, na ƙasa ya motsa, fuskar ta tsage. Ana ɗora fentin mai a kan busasshen akirilik, amma ba a ɗora akirilik a kan mai, ɓarewa zai yi. Kada ki tsinka da man gyaɗa, ba ya daskarewa ko shekara zai yi, man linsid, wato man da ake sayarwa don haɗa fentin mai, shi ake sawa. Kananzir ki bar shi wajen wanke buroshi, kuma ki buɗe taga.

Sanin lokacin tsayawa shi ne abin da ba wanda zai iya auna miki. Abin da nake ba ɗalibai shawara shi ne su ɗauki hoton aikin da waya bayan kowace shimfiɗa, a wuri ɗaya, cikin inuwa. In kika jera hotunan kika ga na jiya ya fi na yau numfashi, kin wuce wurin, sai ki koma da sanfefa. Ki kuma kira wani wanda bai san komai game da zane ba, ƙaninki ko wata gwaggo, kada ki tambaye su me suka gani, domin za su fara neman doki ko fuska. Ki ce su nuna miki launin da aka fara sawa da wanda aka sa ƙarshe. In sun nuna daidai, ko suka yi gardama a kai suna matsowa kusa suna ja da baya, aikin ya kama hanya.

In kin gama, ki rubuta ranar farawa da ta gamawa da jerin kayan da kika sa a bayan katakon, zai yi wa duk wanda zai gyara shi nan gaba amfani. Na akirilik ki ba shi kamar mako guda kafin ki shafa masa banish, wato ruwan kariya marar launi da ake shafawa a ƙarshe, na mai kuwa wata shida ko fiye. Kada ki jingina su fuska da fuska a zafin bazara, akirilik yakan yi laushi ya manne wa ɗan'uwansa. Ki ɗaga su daga ƙasa a kan bulo saboda gara da damshin damina.